Yadda ake tattara irin waken gizo a kewayen Kano ba tare da an rasa bambancin da ke cikinsa ba

Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, idan ka bi gefen gonakin da suka rage a bakin birnin Kano, kana iya ganin wani siririn yaɗo ya nannaɗe kara ko ya haye shinge. Ganyensa uku-uku ne irin na wake, furensa ruwan shanshanbale, kwasfarsa kuma 'yar siririya ce da ke yin duhu idan ta nuna. Wannan shi ne waken gizo, wasu kan ce waken daji. Masana sun tabbatar cewa daga gare shi aka samo waken da muke nomawa, kuma har yau suna iya barbarar juna su ba da 'ya'ya masu haihuwa. Duk wata juriya da ke cikinsa, ta fari ko ta cuta ko ta ƙwari, ana iya shigar da ita cikin waken gona. Ga ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce.

Wuraren da yake fitowa kuwa suna ƙarewa a kan idonmu. Gonakin Ungogo da Kumbotso da Gezawa da Dawakin Kudu kullum ana yanka su filoti. Inda gona ta tsira, maganin kashe ciyawa ya share mata gefe tas. Don haka wannan bayani na ɗalibin aikin gona ne, da malamin gona, da manomin da ke da sha'awa, da duk wanda zai iya ba da wasu safiyoyi a lokacin kaka. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne a gane abu guda kafin a fita, domin wanda bai gane shi ba zai cika buhu ya dawo da kusan babu.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki jaka

Gero da masara iska ce ke kai musu ƙurar fure daga wannan tsiro zuwa wancan. Kowace ƙwaya a zangarniyar gero tana iya samun uba daban, saboda haka zangarniya ɗaya ma taron dangi ce. Wake ba haka yake ba. Shi da gyaɗa da shinkafa da alkama da waken suya kansu suke yi wa barbara. A furen wake, ƙurar tana zubowa a kan sashen mace tun furen yana rufe, kafin ya buɗe da sassafe, kuma kafin rana ta take ya sake rufewa. Uwa da uba duk tsiro ɗaya ne.

Ga abin da hakan ke haifarwa. Kowane tsiro yana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A duk inda biyun suka bambanta, barbarar kai tana rage wannan bambanci da rabi a kowane zubi: rabi, sai kwata, sai ɗaya bisa takwas, har ya zama bayan damina 7 abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Daga nan tsiron ya zama tsantsa, 'ya'yansa shi ne sak, jikokinsa ma haka. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, ya nuna wannan a 1903 da wani wake na Turai. Ya ga cewa idan zuri'a ta zama tsantsa, ko ka yi ta zaɓen manyan ƙwayoyi kana shukawa, 'ya'yan ba sa ƙara girma, domin babu sauran bambancin gado da za a zaɓa a cikinta.

Mutum zai iya ɗauka ke nan irin waɗannan tsirrai ba su da bambanci. Suna da shi, sai dai ba a cikin tsiro ɗaya yake ba. Yana tsakanin wannan tsiro da wancan, kuma mafi yawa yana tsakanin wannan wuri da wancan. Hamrick da Godt, masana biyu a Amurka da suka tattara binciken da aka yi a kan ɗaruruwan nau'o'in tsirrai a ƙarshen shekarun 1980, sun samu cewa a tsirrai masu barbarar kansu kusan rabin bambancin yana tsakanin wuri da wuri, alhali a waɗanda iska ke yi wa barbara kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai. Wanda ya tsaya gindin yaɗo ɗaya mai yawan 'ya'ya ya cika jaka, daidai yake da wanda ya sayi littafi ɗaya kwafi ɗari ya ce ya tara ɗakin karatu.

Amma barbarar kan ba ɗari bisa ɗari ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan waken gizon Afirka ta Yamma ya samu cewa barbara daga wani tsiro tana kamawa daga kashi 1 zuwa 9.5 cikin 100, matsakaicinta 3.4. Manyan ƙudajen zuma ne ke yin wannan aiki, musamman baƙin nan mai huda azara ya yi gida a ciki. A Kenya an liƙa wa irinsa 'yar na'ura aka bi sawunsa, aka ga yana iya nisan kilomita 6 daga gidansa. Wannan ɗan kaso shi ke haɗa sababbin zuri'o'i lokaci zuwa lokaci, shi ne kuma dalilin da ya sa za ka yi hattara idan ka zo shuka abin da ka tara.

Mataki na farko: nemo wuraren tun furen yana kai

Kada ka jira kwasfa ta bushe sannan ka fara nema. A watan Satumba, da safe kafin ƙarfe goma, furen yana buɗe kuma ana hango shi daga nesa. Lokacin ne za ka zaga ka ga inda yake, ka rubuta. Ka duba shingen gona, da saura, da gefen burtali, da bakin fadama da rafi, da gindin duwatsu, da gefen magudanar ruwan rani. Tsofaffin manoma da makiyaya sun fi kowa sanin inda yake, makiyaya ma musamman, tunda dabbobinsu na cinsa. Ka yi sallama, ka ce: «Baba, don Allah ko akwai inda waken gizo ke fitowa a nan?» Idan sunan bai zo daidai da nasu ba, ka nuna hoto a waya ko ka kwatanta kwasfar da ke fashewa da kanta.

Wajen zaɓen wurare, bambancinsu ya fi kusancinsu muhimmanci. Ka nemi jigawa mai rairayi wajen Minjibir ko Ɗambatta, ka nemi ƙasa mai laka wajen Kura da Kadawa, ka nemi gefen dutse, ka nemi bakin ruwa irin na Challawa ko Watari. A Dutsen Karmel da ke Gabas ta Tsakiya, masana sun daɗe suna nazarin sha'irin daji a gangara biyu da ke fuskantar juna, tazararsu 'yan mitoci ɗari kaɗan, ɗaya mai rana da bushewa ɗaya mai inuwa da laima, kuma sun samu ƙwayoyin gadon sha'irin sun bambanta tsakanin gangaren biyu. Saboda haka tudu da kwarin da ke ƙarƙashinsa wurare biyu ne a lissafinka, ko da jifa ɗaya ce tsakaninsu.

Cikin gari fa? Kango da gefen badala da bakin kududdufi suna iya ɗauke da ɗan abin da ya rage, kuma ban ce a raina su ba. Sai dai a sa rai daidai. A kewayen garin Tubingen na Jamus an bincika wata 'yar ciyawa mai barbarar kanta da masana ke yawan gwaji da ita, aka wallafa sakamakon a 2010: tarin da ke cikin gari sau da yawa zuri'a ɗaya ce tak, na karkara kuwa zuri'o'i da yawa ne a cakuɗe. Dalilin a fili yake, ƙwaya ɗaya ce ta faɗo ta haifi kowa a wurin. A irin wannan wuri ɗauki kaɗan ka wuce, ka ba karkara yawancin lokacinka.

A ganina, wurare goma da aka ɗauki matsakaicin samfuri a kowanne sun fi wuri biyu da aka kwashe ƙaf.

Mataki na biyu: izini

Gefen gona ma yana da mai shi. Ka gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi mai gonar. Ka tambayi mutanen wurin halin tsaro kafin ka nufi daji mai nisa, wajen Falgore misali, wanda kuma gandun gwamnati ne da ba a ɗiban komai a cikinsa sai da izinin hukuma. Irin da ka tara kuwa kada ka aika wa kowa a ƙasar waje da kanka. Akwai dokoki da yarjejeniyoyi a kan fitar da irin tsirrai, cibiyoyin bincike ne ke bin wannan hanya.

Mataki na uku: kayan aiki

Ambulan na takarda masu yawa, aƙalla sittin don kowane wuri. 'Yan jakunkunan atamfa ko na alawayyo masu zariya. Fensir, don tawadar biro tana jiƙewa ta goge. Littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, tsofaffin jaridu da kwali biyu don matse samfurin ganye, waya mai nuna lambobin wuri a taswira, da takalmi mai rufe ƙafa saboda maciji da ƙaya. Leda ba ta cikin kayan nan. Kwasfa tana gumi a cikinta, kafin ka iso gida ta fara fumfuna.

Mataki na huɗu: tabbatar da cewa shi ne

Abu biyu ke ruɗa mutane. Na farko gyauro, wato waken gona da ya zube bara ya fito da kansa. Ƙwayarsa babba ce, sau da yawa fara ko ja, kwasfarsa kuma ba ta fashewa da ƙarfi. Ta waken gizo ƙarama ce ƙwarai, mai duhu da ɗigo-ɗigo, mai tauri da sulɓi, kuma idan ka taɓa busasshiyar kwasfa sai ta tsage ta murɗe ta watsar da 'ya'yan. Na biyu sauran dangin wake na daji, wasu masu rawayan fure, wasu masu gashi a kara. Su ma suna da amfani, amma kada ka haɗa su ambulan ɗaya.

Za ka kuma ci karo da na tsakiya, mai ƙwaya da ta fi ta daji girma amma kwasfar na fashewa. Wannan ruwa biyu ne, ɗan barbarar gona da daji. Ɗauke shi, ka rubuta a jiki cewa ruwa biyu kake zato. A kowane wuri yanki reshe ɗaya mai ganye da fure da kwasfa, ka shimfiɗa shi tsakanin jaridu, ka danne da kwali. Idan ka kai wa masanin tsirrai a Jami'ar Bayero ko wata cibiya, da wannan zai tabbatar maka da sunan abin da ka ɗauko.

Mataki na biyar: ɗiban kansa

Nan ne aikin yake, don haka bari in daɗe a kai.

Je ka da sassafe, raɓa ba ta gama bushewa ba, domin a lokacin kwasfa ba ta saurin fashewa a hannu. Kafin ka tsinki komai, zaga wurin gaba ɗaya ka ga iyakarsa, ka ƙiyasta tsirrai nawa ne, ka lura ko wani sashe yana inuwa wani yana rana.

Tsirrai nawa za ka ɗiba? Akwai lissafi a kai, wanda masana biyu a Ostireliya, Marshall da Brown, suka shimfiɗa a 1975, kuma kowa na iya bin sa da kalkuleta. A ce akwai wata juriya da tsiro 5 cikin 100 ne kawai ke da ita a wurin. Idan ka ɗauki tsiro 10, damar ka samu ko da ɗaya mai ita kusan kashi 40 ce cikin 100. Idan ka ɗauki 30, ta kai kusan 79. Sai ka kai tsiro 59 sannan damar ta kai 95. A tsiron da ke karɓar barbara daga waje, wajen 30 sun isa, tunda kowanne yana ɗauke da gado biyu mabambanta. A mai barbarar kansa gadon biyu iri ɗaya ne, shi ya sa adadin ya ninka. Saboda haka ka sa ido a kan tsiro 50 zuwa 60 a kowane wuri. Idan wurin bai kai haka ba, ɗauki kaɗan daga kowane tsiro da ke akwai, ka rubuta adadin gaskiya.

Daga kowane tsiro kwasfa biyu ko uku sun wadatar. Kwasfa ta huɗu da ta goma ba su ƙara maka wani sabon abu. Idan kowace kwasfa ta ba ka ƙwaya goma sha biyu, tsiro 50 sau kwasfa 3 ya ba ka ƙwaya 1,800, wanda ya isa a gwada, a ajiye, a kuma ba wani. Ka kiyaye ƙa'idar da masu tara irin daji ke bi: kada a ɗebi fiye da kashi 20 cikin 100 na 'ya'yan da suka nuna a ranar. Sauran na ƙasar ne, da su wurin zai sake fitowa baɗi.

Wahalar waken gizo ita ce yaɗo ne. Abin da ka ɗauka tsirrai biyar ne a kan shinge yana iya zama tsiro ɗaya da ya bazu. Bi karan da hannunka har ka kai gindi. Idan ya sarƙe ba ya biyuwa, to ka bar taku biyar zuwa goma tsakanin inda ka tsinka da inda za ka sake tsinka. Wannan tazara tana da wani amfanin kuma. Kwasfa ba ta jifa da nisa, don haka tsirran da ke maƙwabtaka galibi 'ya'yan uwa ɗaya ne. Ka ratsa wurin daga wannan bakin zuwa wancan, ka karkata dama ka karkata hagu, kana tsinka bayan kowane adadin taku da ka yanke tun farko.

Sai abin da ya fi wuya ga duk wanda ya tashi a gidan noma: kada ka zaɓa. Idon manomi yana tafiya ne kan tsiro mai ƙoshi, mai dogayen kwasfa. Wannan ido shi ya ba mu irin wake kamar Kanannado da Ɗan Ila, kuma ya cancanci girmamawa, amma a wannan aiki ka ajiye shi a gida. Tsiron da ya tsumbure a kan tsakuwa, ya yi kwasfa biyu kacal, mai yiwuwa shi ne ke ɗauke da juriyar fari. Ba ka da hanyar sani da ido. Lokacin da wata cutar da ke tsumburar da shinkafa ta addabi Asiya, cibiyar binciken shinkafa da ke Filifin ta gwada dubban samfura, ta samu juriyar a samfuri ɗaya na shinkafar daji da aka ɗauko daga Indiya. Daga nan aka shigar da ita cikin irin da ake kira IR36, wanda aka fitar a 1976 aka noma shi a miliyoyin hekta. A nan gida ma, juriyar ƙuduji, ciyawar nan mai tsotsar saiwar wake, da masu binciken wake suka yi aiki da ita a tashar Kano ta IITA, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, ɗaya daga manyan tushenta wani waken gargajiya ne daga Botswana da ake kira B301, mai ƙananan ƙwayoyi da ba za su burge kowa a kasuwar Dawanau ba.

Idan ka ga wani tsiro da ya fita daban, misali kowa ya kamu da cuta shi yana kore shar, ɗauke shi, amma a matsayin ƙari, da lambarsa daban da bayanin abin da ka gani.

Kowane tsiro da ambulan ɗinsa. Na san ya fi sauƙi a zuba duka a jaka ɗaya, kuma idan lokaci ya ƙure hakan ya fi a dawo hannu rabbana. Amma tunda kowane tsiro kusan zuri'a ce tsantsa, ambulan ɗaya zuri'a ɗaya ce da za a iya gwadawa ita kaɗai, a san halinta, a koma gare ta. Idan ka cakuɗa, wannan ya tafi, kuma wanda ya fi yawan 'ya'ya zai rinjayi sauran. Abin da ba a yarda da shi ba ko kaɗan shi ne haɗa na wurare biyu. Tsarin lamba mai sauƙi ya isa: harafin garin, lambar wurin, lambar tsiron, kamar MJB-2-17. Rubuta a bayan ambulan, ka kuma jefa 'yar takarda mai lambar a ciki. Naɗe bakin sosai, don kwasfar za ta fashe a ciki.

Tsirrai ba sa nuna rana ɗaya. Idan da hali, koma wurin bayan mako biyu ko uku ka ɗebi na masu jinkiri. Saurin nuna da jinkirinsa hali ne da ake gada, kuma wanda ya je sau ɗaya ya zaɓi rabi ba da niyya ba.

Mataki na shida: rubutu a wurin, ba a gida ba

Kwanan wata, sunan ƙauye da ƙaramar hukuma, lambobin taswira daga waya, irin ƙasar, ko tudu ne ko fadama, itatuwa da ciyayin da ke kusa, nisan gonar wake mafi kusa da irin da aka shuka a cikinta, yawan tsirran da ka gani da yawan waɗanda ka ɗiba. Rubuta sunan da mutanen wurin ke kiransa da abin da suka ce game da shi, ko dabbobi na ci, ko da ya fi haka yawa. Irin da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin darajarsa, tunda a wannan tsiro wurin shi ne labarin.

Mataki na bakwai: busarwa da ajiya

Kada ka bar ambulan a cikin mota a rana, kada kuma ka shanya a kan kwano ko siminti mai zafi. Zafi yana kashe ƙwaya tun ba ta nuna alama ba. Jera su a inuwa, a ɗaki mai iska, a kan tabarma ko raga, nesa da ɓera. Mu a Kano Allah ya hore mana hunturu, iskarsa busasshiya ce ƙwarai, mako biyu zuwa uku a cikinta suna yin aikin da wasu ƙasashe ke sayen inji dominsa. Bayan nan ka murje kwasfar kowane ambulan ita kaɗai, ka fece ƙaiƙayin, ka cire ƙwayoyin da ke da huda ko farin ƙwan ƙwaro a jiki, ka share faifan kafin ka buɗe na gaba.

Don gwada bushewa, sami busasshiyar kwalba, ka zuba gishirin da ka soya ya huce, ka sa ƙwayoyi kaɗan, ka rufe, ka bar shi ɗan lokaci sannan ka girgiza. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima. Wannan gwajin yana nuna an fita daga haɗari ne kawai, ajiyar shekaru tana son bushewa fiye da haka. Rumbunan iri na duniya suna busarwa har laima ta sauko kashi 3 zuwa 7 cikin 100, sannan su ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri. Akwai ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita: duk ragin kashi 1 na laima yana ninka kwanan iri, haka ma duk ragin digiri 5 na zafi. Kai da ba ka da tabbacin wuta, ƙarfinka yana wajen bushewa. Sa ambulan ɗin a kwalba mai murfin roba da ke kamewa, tare da ƙullin gawayi ko shinkafar da ka gasa ta bushe ƙayau ta huce a rufe, domin su tsotse sauran laimar. Canja ƙullin bayan 'yan kwanaki, sau biyu ko uku, sannan ka rufe ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da duhu a gidan.

Ƙwaron wake yakan biyo iri tun daga daji. Idan kana da firiza mai wuta tsayayya, sa rufaffiyar kwalbar a ciki na mako guda, bayan irin ya bushe sarai, don ɗanyen iri ƙanƙara tana fasa shi. Idan ka fito da ita kada ka buɗe sai ta huce ta daina gumi. In babu firiza, cika kwalbar sosai yadda iska za ta yi kaɗan a ciki, ka toshe. Dabarar buhun PICS ke nan da manoma suka sani, ƙwaron yana mutuwa idan iskar shaƙa ta ƙare masa.

Mataki na takwas: gwajin tsiro

Daga kowane wuri ware ƙwaya 20. Ɓawon waken gizo yana da tauri, ruwa ba ya shigarsa da sauƙi, kuma mai gwaji da bai san haka ba zai ce irin ya mutu. Ɗauki abin yanke farce ka ɗan ɓalli ɓawon ta bayan ƙwayar, nesa da idonta, ko ka goga a takardar yashi. Jera su a jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, ka naɗe, ka riƙa yayyafa ruwa. Cikin mako guda za ka ƙirga. Idan 17 cikin 20 suka tsira, wato kashi 85, irin yana da lafiya. Maimaita gwajin duk bayan shekara biyu. Ranar da ka ga ya fara sauka ƙasa da haka, lokacin sabuntawa ya yi.

Mataki na tara: sabuntawa da rabawa

Bambancin da ka sha wahalar tarawa a nan ya fi saurin zubewa, a hankali, ba tare da kowa ya lura ba. Shuka kowane ambulan a layinsa ko a tukunyarsa, da sanda don ya hau, da tazarar da yaɗo ba zai sarƙe da na kusa ba. Lokacin girbi ɗauki adadi ɗaya daga kowace zuri'a, ko da wata ta yi kwasfa ɗari wata ta yi biyar. Idan ka kwashe duka ka haɗa, bayan zubi uku ko huɗu zuri'o'i kaɗan masu son lambunka ne za su rage.

Ka tuna da baƙin ƙudan nan. Kada ka shuka kusa da gonar wake, balle gonar da ake noman iri, domin barbarar tana tafiya ta kowane ɓangare: naka ya gurɓata, na maƙwabcinka kuma ya fara fitar da wake mai fashewa. Gidan sauro da aka ɗaura a kan sanduna kafin fure ya fara yana tare ƙudan, kuma waken zai yi 'ya'ya a ciki tunda ba ya buƙatarsa. Tsinke kwasfa kullum da ta fara duhu, kada ta zube ta zame wa wurin ciyawa.

Kada kwalbarka ta zama ita kaɗai ce. Raba irin gida biyu tare da kwafin littafinka, ka kai rabi inda ke da ɗakin sanyi. A nan Kano akwai tashar IITA a titin Sabo Bakin Zuwo, da gonar gwajinta a Minjibir, kuma rumbun hedikwatarta a Ibadan yana riƙe da samfurin wake sama da 15,000, mafi girma a duniya. Akwai Cibiyar Binciken Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya wadda ke fitar da irin waken da ake kira SAMPEA, akwai kuma NACGRAB a Ibadan, rumbun iri na ƙasa. Fara tuntuɓarsu tun kafin kaka, ka tambayi bayanan da suke so a rubuta da yadda suke karɓar samfuri, don ka tsara littafinka daidai da nasu.

Baɗi ka koma wuraren nan da littafinka a hannu. Saboda taurin ɓawo, 'ya'yan waken gizo ba sa tsirowa duka a damina ɗaya, wasu sukan kwanta a ƙasa sai wata shekarar, don haka tsirran da za ka tarar ba lalle su zama zuri'o'in bara ba. Ɗebi sabon samfuri da sabuwar lamba mai ɗauke da shekarar. Inda ka tarar an kafa harsashin gini ko an feshe gefen gonar, rubuta hakan da kwanan wata a shafin wurin, ka sanar da cibiyar da ka ba rabin irin cewa wannan samfurin ba shi da sauran na biyu a daji.